Kafin Alƙalami: Amsoshin Tambayoyinku Kan Ba Da Aikin Zane da Karɓarsa

Tambayoyin wannan makon kusan duk wuri ɗaya suka dosa, wato aikin zane da ake bai wa mai zaman kansa: ka kawo aiki, ya zana maka, ka biya shi, kowa ya kama gabansa. Wasu masu ba da aikin ne suka rubuto, wasu kuma masu zanen ne. Da gangan na haɗa su wuri guda, domin yawancin rigimar da ke tashi tsakaninsu daga rashin sanin halin da ɗayan yake ciki take samo tushe.

Tambaya: Malam, na rubuta labarin yara, kuma na yi shekara biyu ina tara kuɗin da zan ba mai zane. Ban taɓa ba da irin wannan aiki ba, tsoro nake ji kada kuɗina su salwanta. Daga ina ake farawa, kuma yaya aikin yake tafiya? (Wata malamar makaranta)

Amsa: Malama, wannan tsoron da kike ji shi zai tsare miki kuɗinki, kada ki ji kunyarsa. Wanda nake jiye wa shi ne mai tura kuɗi tun ba a gama gaisawa ba.

Aikin daga wurinki yake farawa, tun ba ki nemi kowa ba. Ki zauna ki rubuta abin da kike so a shafi ɗaya ko biyu: yaran da aka yi wa littafin shekarunsu nawa, tsawon littafin da faɗinsa, zane nawa ake bukata, mai launi ne ko baƙi da fari, ina rubutu zai zauna a kowane shafi, kuma yaushe kike son aikin ya zo hannunki. Littattafan yara masu hotuna galibi shafi 32 ne, saboda maɗaba'a ba ta buga shafi ɗai-ɗai. Babbar takarda take bugawa, a ninke ta, ta ba da shafi 8 ko 16 a haɗe. Cikin 32 ɗin nan shafin suna da na haƙƙin mallaka za su ci nasu, abin da ke rage wa labari bai cika wuce buɗi 12 zuwa 14 ba, ina nufin shafuka bibbiyu masu kallon juna. In kin san haka tun farko, ba za ki biya kuɗin zane 40 ba alhali littafin ba shi da wurin ajiye su. Ki fara jin girman takardar da mai bugawa zai iya yi miki, sannan ki je wurin mai zane. Mutane da yawa suna juya abin, sai su ƙare da zane mai faɗi da littafi dogo.

Mai zanen kirki in ya karanta bayaninki zai dame ki da tambayoyi. Yarinyar cikin labarin shekarunta nawa? Da rana abin ya faru ko da dare? Kakarta doguwa ce ko gajera? Wanda ya ce miki "an gama, turo kuɗi kawai" bai karanta ba. Bayan tambayoyi sai ya yanka farashi, ku daidaita, ku rubuta. Ko saƙon imel ne ya fi maganar baka nesa ba kusa ba, muddin ya ƙunshi yawan zane, ranar miƙa kowane mataki, jimillar kuɗi da yadda za a biya su, sau nawa za a yi gyara, abin da aka yarje miki ki yi da zanen, da abin da zai biyo baya in ɗayanku ya fasa. Kowa ya amsa da "na yarda", kowa ya ajiye nasa.

Daga nan sai kafin alƙalami. Abin da aka saba a sana'ar shi ne kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin kuɗin. Kada ki ƙi bayarwa, domin mutumin zai ture wasu ayyuka ya ware miki makonni. Kada kuma ki biya duka ko da ya rantse miki. Aiki babba irin naki ya fi kyau a kasa kuɗinsa uku: na farawa, na bayan kin amince da zanen fensir, sai ciko ranar miƙawa.

Abin da zai fara turo miki ba zai burge ki ba, kuma daidai ke nan. Zai fara da kamannin mutanen labarin: ga yarinyar ta gaba, ga ta ta gefe, ga ta tana dariya, ga ta tana kuka. Sai ƙananan zane, kowanne bai fi girman kwalin ashana ba, da ke nuna inda mutum zai tsaya, inda bishiya za ta tsaya, da filin da aka bar wa rubutu. Bayan su sai zanen fensir a cikakken girma. To, Malama, nan ne wurin maganarki. Duk abin da bai kwanta miki ba ki faɗe shi a nan, ko da kina ganin ƙarami ne. Matsar da hannun yarinya a zanen fensir aikin 'yan mintoci ne, amma bayan an zuba launi da inuwa yana iya cin yini guda, kuma ke za ki biya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ki nemi ya gama shafi ɗaya tak da launi ki gani kafin ya shiga sauran, don kada ya yi shafi ashirin da launin da ba kya so.

In ya kammala zai turo miki hotunan a ƙanƙance, wataƙila da alamarsa a kwance a kansu. Kada ranki ya ɓaci, ba zarginki yake yi ba, haka ake yi wa kowa. Ki duba, ki cika kuɗi, ya sako miki cikakkun fayiloli. Abu ɗaya da nake roƙonki: in akwai rubutu a jikin zanen ko a bango, ki duba ƙ da ɗ da ɓ harafi-harafi. Salon rubutu da yawa na kwamfuta ba su da haruffa masu lanƙwasa, sai manhaja ta aro su daga wani salo, su fito a karkace kamar baƙi a cikin kalma, ko ta bar ɗan akwati a gurbinsu.

Tambaya: Ina da mabiya masu yawa a Instagram. Na ce wa wani mai zane ya yi min hoto kyauta ni kuma in tallata shi, ya ƙi. Wannan ba girman kai ba ne? (Wani matashi)

Amsa: A'a. Kai ne ka nemi aikin kwana uku ba lada. Mabiyanka ba za su biya masa kuɗin wuta ko na intanet ba, kuma mafi yawansu za su danna alamar so su wuce ba tare da sun karanta sunansa ba. In ka yarda tallanka yana da daraja, ka sayar da shi ga mai so, ka ɗauki kuɗin ka biya mai zane.

Tambaya: Na ga hotuna masu kyau a shafin wani, na ba shi aikin bangon littafina, na biya duka. Abin da ya kawo ko kusa bai kai waɗancan ba, kuma hannun matar da ke ciki yatsu shida gare shi. Daga baya na ci karo da ɗaya daga hotunan da ya nuna min a shafin wata mai zane ta wata ƙasa, da sa hannunta a jiki. Me zan yi? (Wani marubuci)

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya mayar maka da alheri. Abu na farko, kada ka buga wannan bangon. Ka ɗauki hoton duk hirarku da shaidar biya da shafin matar nan, ka rubuta masa ka nemi kuɗinka tare da sa masa rana. In ta wani dandalin ba da aiki kuka haɗu kuma ta can ka biya, ka kai ƙara wurinsu da hujjojinka. In kai tsaye ka tura masa, gaskiya ba zan ɓoye maka ba, dawowar kuɗin da wuya.

Amma bari in tsaya a kan wannan, domin babu abin da ke ci min rai a sana'ar nan kamar jabu, kuma sai ƙaruwa yake yi. Ni kaina na taɓa ganin zanena a shafin wani yana neman aiki da shi. Ya yanke kusurwar ƙasa ta dama inda sa hannuna yake, har ya haɗa da rabin ƙafar kujerar da yaron cikin hoton yake zaune a kai. Kujera mai ƙafa uku da rabi, kuma mutane suna ta yaba masa a ƙasa. Na yi kwana huɗu a kan zanen nan, shi bai yi minti biyu ba ya mallake shi. Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda suka ba shi kuɗinsu suna zaton hannuna za su samu.

Wannan satar ta fili ke nan. Akwai ta ɓoye, inda mutum zai ɗauko hoton wani ko zanen wani, ya shimfiɗa shi a ƙasa ya bi layinsa, ya sauya launin riga, ya ce nasa ne. Sai kuma wadda ta mamaye ko'ina tun daga 2022, lokacin da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su Midjourney suka shiga hannun kowa: ya rubuta wa na'ura jimla biyu, ta fito da hoto cikin daƙiƙoƙi, ya riƙe shi mako guda don ka ɗauka wahala ya sha, ya karɓi kuɗin aikin hannu. Ba faɗa nake yi da wanda ya ce maka a fili da na'ura zai yi, ka yarda, ku yi ciniki a kan haka ba. Wannan ciniki ne da ido buɗe. Wanda ya ɓoye kuwa algus ya yi maka, babu wani suna da za a ba abin.

Kuma kada wani ya ce ai hoto hoto ne, in ya yi kyau shi ke nan. Ranar da mai zanen asali ya ga aikinsa a bangon littafinka, sunanka zai gani a jiki, kai zai nema. Wanda ya sayar maka ya daɗe da sauya lamba. Kai za ka janye littafi, kai za ka sake bugu, kai za ka sha kunya. Hoton na'ura ma yana da nasa ciwon. A 2023 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya bayyana cewa hoton da na'ura ta samar ba tare da ƙirƙirar ɗan'adam ba ba ya samun kariyar haƙƙin mallaka a can. Ka biya kuɗi ke nan a kan abin da wani zai iya ɗauka gobe ya liƙa a nasa littafin.

Gane jabu ba ya bukatar ilimin zane. Ka ɗauki hotuna uku ko huɗu daga waɗanda ya nuna maka, ka sa su a Google Lens ko TinEye, su nuna maka inda suka taɓa fitowa a intanet. Aikin minti biyar ne, kuma kyauta ne. Ka dubi shafinsa gaba ɗaya. Mai zane yana da hannu kamar yadda mai rubutu yake da hannu, za ka ga yadda yake yin ido da yatsu da ninkin tufa yana maimaituwa ko da batun ya sauya. In ka ga hoto goma kamar mutum goma ne suka yi su, to wataƙila mutum goman ne. A hoton na'ura ka duba rubutun da ke jikin allo ko riga, ka duba ɗan kunnen dama da na hagu, ka duba inda gashi ya narke ya shige cikin mayafi. Sai dai kada ka dogara da ƙirga yatsu kaɗai, domin na'urorin sun rage wannan kuskuren sosai.

Abin da ya fi duka shi ne ka nemi ganin hanyar da aka bi. Ka ce ya nuna maka zanen fensir na aikin da ya taɓa yi, da fayil ɗin da layi yake daban, launi daban, inuwa daban. Manhajojin zane irin su Procreate da ibisPaint suna naɗar bidiyon aikin tun daga layin farko, mai zanen gaskiya ba ya jin nauyin nuna shi, alfahari ma yake yi da shi. Sannan ka biya shi kuɗin ƙaramin zane guda na gwaji, in ya kawo ka ce: juya min kan yaron ya kalli hagu, sauran komai ya zauna yadda yake. Mai hannu zai juya kan kawai. Wanda ya jingina da na'ura sau da yawa zai dawo maka da wani yaron daban, riga ta sauya, maɓallai sun ƙaru. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Masu saye kuma, ku ma da naku laifin, dole in faɗa. Ku ne kuke zuwa wurin mai zanen da ya yi shekara goma yana koyo, ya faɗa muku kuɗinsa da makonnin da zai ɗauka, ku ce ya yi tsada, ku tafi wurin wanda ya ce zai yi a kashi ɗaya cikin goma na kuɗin kuma gobe da safe. Da wane hannun zai yi bangon littafi cikin dare ɗaya? Kun san amsar, kuna dai kawar da kai ne. Araha ba ta ado. Mutum zai kashe kuɗi a takarda mai kyau da bugu mai kyau da taron ƙaddamarwa, amma fuskar littafin, abin da mai saye zai fara gani, ita ce yake nema a ɓagas. In kuɗin ba su kai ba, a rage yawan zane, ko a yi baƙi da fari, ko a jira wata uku a ƙara tari. Zane biyar na gaskiya sun fi ashirin na sata.

Tambaya: Malam, ni sabuwar mai zane ce. Wani ya ba ni aiki, yanzu gyara na tara nake yi masa, kullum sai ya ce matarsa ko abokinsa sun ga wani abu. Na gaji, amma ina tsoron in yi magana ya fasa biyana. (Wata ɗaliba)

Amsa: Ƙanwata, sannu. Kusan duk wanda ya riƙe fensir don neman abinci ya bi ta wannan hanyar, kuma ba alamar aikinki ba shi da kyau ba ce. Ƙofa kika bari a buɗe, shi kuma yake ta shigowa.

Yau ɗin nan ki rubuta masa cikin ladabi. Ki ce kin yi gyara tara da zuciya ɗaya, ya tattaro duk abin da ya rage, nasa da na matarsa da na abokinsa, a saƙo ɗaya, za ki yi su a zagaye na ƙarshe, abin da ya biyo baya kuma da kuɗinsa. Kada ki ba shi cikakken fayil sai ya cika miki. Mafi yawan mutane in aka ja musu layi a natse suna tsayawa, don da ma ba mugunta ce ta sa su ba, ba su san gyara yana cin lokaci ba ne.

A aiki na gaba ki rubuta tun farko cewa gyara zagaye biyu ne a fensir, ɗaya a launi, kuma mutum ɗaya ne zai riƙa yi miki magana. Ki bambance masa kuskurenki da sauyin ra'ayinsa. In ya ce rigar shuɗiya ce kika yi ja, wannan naki ne, ki gyara ba ko kwabo. In ya amince da yaro a tsaye, kin gama launi ya ce yanzu a zaune yake so, wannan sabon aiki ne. Ki kuma sa sharaɗin fasawa: in ya janye bayan kin fara, kafin alƙalami ya zama naki, in kuma aikin ya kusa ƙarewa ne ya biya mafi yawan kuɗin. Kuma ki riƙa rubuta awannin da kowane aiki ya ci miki, har da na hira da na gyara. Bayan aiki biyar za ki san ainihin abin da ya kamata ki riƙa caja. In ta dandali kike karɓar aiki ki tuna da kasonsu, Fiverr alal misali kashi 20 cikin ɗari yake cirewa daga kuɗin mai aiki.

Tambaya: Na biya an zana min hoto don bangon littafi. Yanzu ina so in buga shi a riguna da kofuna in sayar, mai zanen ya ce sai na ƙara kuɗi. Ba nawa ba ne tunda na biya? (Wani ɗan kasuwa)

Amsa: Alhaji, ya danganta da abin da kuka rubuta, kuma ina zaton ba ku rubuta komai ba. A dokokin ƙasashe da yawa, mai zane mai zaman kansa shi ke da haƙƙin mallakar abin da ya zana har sai ya sallama shi a rubuce. Ba sai ya yi rajista ba ma. Yarjejeniyar Berne ta 1886 kan haƙƙin mallaka, wadda ƙasashe sama da 180 suka shiga, ta tanadi cewa haƙƙin yana tabbata ba tare da wata rajista ba, kuma ga irin wannan aiki yana ɗorewa tsawon ran mai shi da aƙalla shekara 50 bayan rasuwarsa. Wasu ƙasashen sun kai shi 70.

Abin da ka saya izini ne na amfani da hoton a bangon littafi. Kamar hayar shago ce: ka biya, ka shiga, ka yi kasuwancinka, amma ba ka da ikon sayar da ginin. Riguna da kofuna wata kasuwa ce daban da za ta kawo maka wasu kuɗin, shi ya sa yake neman nasa. Ku zauna ku rubuta a kan me za a buga, guda nawa, har tsawon wane lokaci. In kana so ka saye haƙƙin ɗungurungum ana yi, amma kuɗinsa ya ninka na izini, kuma kada ka saya in ba ka da abin da za ka yi da shi. Ko ka saye ɗin, ka bar masa sunansa a jikin aikin. Tunda dokar kowace ƙasa da nata bambancin, in kuɗin da ke ciki masu yawa ne ka nemi lauya ya duba takardar.

Tambaya: Zanen ya yi kyau a waya, amma da aka buga sai launin ya dushe, hoton ya yi dishi-dishi, kuma an yanke gefensa. Laifin wa? (Wata mai sana'a)

Amsa: Hajiya, matsala uku ce kika haɗa. Allon waya da haske yake haɗa launi, ja da kore da shuɗi, shi ake kira RGB. Injin bugu kuwa da tawada huɗu yake aiki, CMYK, kuma akwai shuɗi da kore masu ƙyalli da tawada ba ta iya kaiwa gare su. Dushewa kaɗan dole ce, amma mai zanen da aka gaya wa bugawa za a yi ya kamata ya shirya fayil ɗin don bugu, ya nuna miki yadda zai fito.

Dishi-dishin kuwa, ina kyautata zaton ta WhatsApp aka turo miki a matsayin hoto, kika tura wa mai bugawa haka. Manhajar tana matse hoto ta rage shi. A turo shi a matsayin fayil, ko ta imel. Bugu yana son ɗigo 300 a kowane inci, wato takardar A4 tana bukatar fiksel 2480 a faɗi da 3508 a tsawo. Ƙaramin hoto in aka ja shi ya yi girma fashewa yake yi. In tambarin sana'a ne, ki nemi a ba ki shi a fayil irin SVG ko AI (fayil ɗin manhajar Adobe Illustrator), waɗanda ake ƙara musu girma har allon talla ba su fashe ba.

Yankan gefe kuma, wuƙar maɗaba'a ba ta sauka daidai kan layi kullum, shi ya sa ake barin rarar zane ta milimita 3 a kowane gefe, a kuma janye rubutu da fuskoki daga baki. In kin gaya wa mai zanen bugawa za ki yi bai bar wannan rarar ba, laifinsa ne, ya gyara kyauta. In ba ki gaya masa ba, naki ne. Nan gaba kada ki yarda a buga ɗari biyar sai an buga ɗaya kin riƙe a hannu kin duba da hasken rana.

Tambaya: Ina so in fara zane. In ci bashi in sayi allon zane mai gilashi irin na ƙwararru? (Wani ɗalibi)

Amsa: Kada ka soma. Allo ba ya koya wa hannu zane, kuma bashi ba ya jiran ka ƙware. Fensir da takarda da awa guda kullum su ne farko. In hannunka ya faɗa, ƙaramin allo marar gilashi na Wacom ko Huion ko XP-Pen, wanda kake zane a kansa hoton yana fitowa a kwamfuta, ya ishe ka karɓar aiki, kuma manhajojin zane na Krita da Inkscape kyauta ne, ba sai ka sauke manhajar sata mai ɗauke da ƙwayar cutar kwamfuta ba. Ka sani kuma, yawancin allunan nan masu gilashi ba sa aiki su kaɗai, sai an jona su da kwamfuta. Na ga waɗanda suka zuba duk abin da suka tara a kan allon, suka kai gida, sannan suka gane ba su da abin jona shi. In na hannu za ka saya, ka gwada alƙalamin a gaban mai sayarwa: ka ja layi a hankali, ka danna da ƙarfi, ka ga ko kaurin layin yana sauyawa, ka kuma bi kusurwoyi huɗu na allon.

Tambaya: Wani daga ƙasar waje ya ba ni aiki, bai yi ciniki ba, ya turo shaidar biya da ta ninka kuɗin da na faɗa. Ya ce kuskure ne, in mayar masa da rarar yau. In mayar? (Wani mai zane)

Amsa: Kada ka tura ko sisi, ɗana. Tsohuwar damfara ce da ta daɗe tana cin masu zane. Shaidar ta bogi ce, ko kuma kuɗin za su bayyana na 'yan kwanaki sannan banki ya janye su, kai kuwa naka na gaske sun riga sun tafi. Hoton rasit da saƙon alat ba kuɗi ba ne. Ka buɗe asusunka da kanka ka duba, in ka ga wani abu ya shigo ka tambayi bankinka ko ya tabbata. Ka ce masa ya soke biyan daga can ya turo daidai adadin. Kada ka danna wata mahaɗa da zai turo da sunan karɓar kuɗi, kada ka ba shi lambar sirri ko wadda banki ke turowa a waya, kuma kada ka fara zanen sai kafin alƙalami ya zauna a asusunka.